Inna Ta Ce Akwatinta Ba Zai Bar Hannunta Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Mabera, nan cikin Sakkwato, ina da goyon wata tara, kuma tiyata aka yi mini wajen haihuwarsa. Maigidana ya biya mana Umara, ni da shi da mahaifiyarsa, ya ce in mun gama za mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Jidda na 'yan kwanaki, saboda Inna ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. A takardar da aka turo mana an ce a tasha za mu miƙa akwatuna ga ma'aikata, su kai mana ɗaki daga baya. Da Inna ta ji haka sai ta ce, "Wagga tahiya, akwatina ba shi barin hannuna." Dalilinta shi ne shekarar da ta yi aikin Hajji akwatinta ya ɓace a hanyar dawowa, da tsarabarta da komai, har yau shiru. Tana da ciwon suga, tana yin allura, ga ciwon gwiwa. Manyan akwatuna biyu take shiryawa, kuma na san ba ita za ta ja su ba. Da na yi wa maigida magana sai ya ce in yi haƙuri a lallaɓa. Shin ana barin mutum ya shiga da kayansa da kansa? In ana bari, yaya zan yi da goyo da akwatuna? Kuma ta yaya zan faɗa wa Inna ba tare da ta ga na raina ta ba?

Wata baiwar Allah, Mabera

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana yaro, Ya ƙara miki lafiya, Ya saka wa maigida da alheri da ya tuna da mahaifiyarsa a irin wannan tafiya.

Ana bari. A al'adar manyan jiragen shaƙatawa, miƙa akwati ga 'yan dakon tasha sauƙi ne da ake yi wa fasinja, kuma wanda ya ce shi zai ja nasa ba a hana shi, in dai kayan za su wuce ta na'urar bincike da ke ƙofar fasinjoji. Matsalar a bakin wannan na'ura take, domin ƙarama ce, ba irin wadda manyan akwatuna ke bi ta bayan fage ba. Kamfanin Carnival, ɗaya daga cikin mafi girma a wannan harka, ya ƙayyade faɗin inci 24 da tudun inci 16 in an kwantar da akwati, wato kusan santimita 61 da 41. Kowane kamfani da nasa awo, ki duba naku a takardar da aka turo muku ko ki tambayi kamfanin. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna akwatunan Inna yau. Irin manyan da matan gidajenmu ke saye a Babbar Kasuwa don tafiya Makka, wasunsu na iya fin haka kauri in an cusa musu kaya. In akwati ya ƙi shiga, a nan gaban layi za a ce ku koma waje ku miƙa shi, kuma ki yi tunanin ran Inna a wannan lokacin, an karɓe abin da ta sa rai ba za a karɓa ba, ga jama'a suna kallo.

Kafin in ci gaba ina so ki ajiye tunanin cewa Inna rigima take yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mace ta tara kuɗinta, ta yi sayayyar jikoki da maƙwabta, ta dawo gida hannu rabbana, mutane na shigowa barka da sauka ba ta da ko dabinon da za ta miƙa musu. Wannan ciwon ba ya warkewa da a ce mata "ai yanzu an ci gaba". Kuma a wani ɓangare gaskiyarta ce, har doka tana bayanta. Yarjejeniyar Atina ta 1974, wadda kamfanonin jiragen ruwa da dama ke dogara da ita a sharuɗɗan tikiti, ta ce mai jirgi ba shi da alhakin ɓatan kuɗi ko zinari ko kayan ado, sai in an ba shi ajiya a hannu ya karɓa. Ko sauran kaya ma, diyyar da ake biya tana da iyaka. Saboda haka akwai abubuwan da ko Inna ta yarda ta miƙa, ni zan ce kada a miƙa.

Fasfo ɗinku duka har da na yaro, takardar shiga jirgi, katin rigakafi, kuɗi, waya da caja da batirin caji, sarƙa da awarwaron Inna in ta nace sai ta tafi da su (da so samu ne ta bar yawancinsu a gida Sakkwato). Sai maganinta, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci: allurar insulin a 'yar jakar sanyi, sirinji, na'urar awon suga, ƙwayoyinta a cikin kwalinsu na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunayensu. Ki duba maganin gwiwar nan da kyau, domin irin su tramadol da kodin Saudiyya da Masar (in jirginku zai tsaya can) suna tsananta musu ƙwarai, ba a shiga da su babu takarda. A ƙara kayan sawa kala ɗaya ga kowa, hijabi da sallaya, famfas da madarar yaro na yini guda cur. Duk wannan zai shiga ƙaramin akwati mai taya guda ɗaya da jakar goyo ɗaya. Akwatunan da aka miƙa kan iso ƙofar ɗaki ne tsakanin la'asar zuwa bayan magariba, wani lokacin har dare, don haka duk abin da za ku nema kafin isha'i ya kasance tare da ku. Mai ciwon suga ba ta jiran akwati kafin ta yi allura.

Game da insulin ɗin, a sanar da kamfani tun yanzu cewa akwai mai ciwon suga. Ɗan firijin ɗaki ba kullum yake sanyi yadda magani ke so ba, kuma jirgi yana da asibitinsa da kwandon zubar da allura ga wanda ya nema. A wannan saƙon kuma a nemi keken da za a tura Inna ranar shiga, saboda gwiwarta.

Sauran kaya kuwa, atamfofi da leshi da mayafai da takalma, nauyi ne kawai. A nan ne za a iya kwantar wa Inna da hankali da hujja. Akwatinta na Hajji ya bi ta hannaye da yawa, daga masauki zuwa wurin awo, daga mota zuwa filin jirgi, cikin dubban jakunkuna masu kama ɗaya, wataƙila ma ba jirgi ɗaya suka hau da ita ba. A tashar jirgin ruwa hanya ɗaya ce kuma gajeriya. Ɗan dako ya karɓa a bakin ƙofa, a duba shi a na'ura, a zuba a keji, a tura kejin ta wata ƙofa a gefen jirgin da kuke gani da idonku, ma'aikata su hau da shi benenku su ajiye a ƙofar ɗaki. Babu canjin jirgi, babu wani gari da zai wuce. Akwatin da ya yi jinkiri galibi yana cikin jirgin tare da ku, kuma mafi yawan lokuta ɗayan abu biyu ne ya riƙe shi.

Na farko takardar lambar ɗaki ta tsinke. Maganinsa mai sauƙi ne. Ku buga takardun da kamfani ya turo, ku naɗe yadda aka nuna, ku lulluɓe da salatif, amma kada ku ɗaura sai kun bar filin jirgin sama, gara a yi da safiyar ranar a masauki. A rubuta suna da lambar ɗaki da lambar waya a wata takarda a ɗora a saman kaya daga ciki. A ɗauki hoton kowane akwati. A ɗaura ƙyallen atamfa mai haske a marikinsa. In maigida yana da hali ya sayi 'yar na'urar bin sawu irin AirTag ya jefa a ciki, ya riƙa nuna wa Inna a waya inda akwatinta yake.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma ina roƙonki ki karanta shi sau biyu. Babu abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar wuta, saboda haka yawancin abin da ke zafi ko hayaƙi an hana. Dutsen guga, butar lantarki, hita ta dafa ruwa, kyandir, gawayi, kaskon turare na wuta da na lantarki, da wayar jona wuta mai baki da yawa. Ki duba wannan jeri ki gaya mini wace Hajiya ce a Sakkwato ke tafiya babu biyu ko uku daga ciki. Da na'ura ta hango ɗaya, sai a ware akwatin a kai ɗakin jami'an tsaro, a aiko muku da takarda ku sauko ku buɗe a gabansu. Abin da aka karɓe yawanci ana mayarwa ranar sauka, amma kafin takardar ta iso Inna ta riga ta ga na kowa ya zo nata bai zo ba, kuma kin san abin da zai dawo mata a rai. Ko da hannu kuka shiga da kayan, na'urar ƙofa za ta gani, don haka jan akwati da kai ba ya tserar da kasko. Turaren wuta ya zauna a gida, a tafi da humra da turaren shafawa. Butar roba ta alwala babu ruwan kowa da ita. Kilishi da dambun nama a bar su, ƙasashe ba sa wasa da shigo da nama, kuma goro kin san hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa duk shekara. Yaji in ya zama dole, a sa shi a kwalba a rubuta sunansa, kada a ƙulla gari a leda babu bayani. A duba kuma abin da takardarku ta ce kan kwaɗo, don wasu kamfanonin suna so a bar akwati a buɗe saboda bincike.

Yanzu ki kwatanta ranar in an bi maganar Inna yadda take. Waɗannan jirage ba ƙanana ba ne. Aroya, wanda Saudiyya ta fara tashi da shi daga Jidda a Disambar 2024, tsawonsa mita 335 ne, ɗakunansa sun haura 1,600, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. Za ku bi layin bincike, ku bi layin rajista, ku hau gadar shiga wadda wani lokaci tana da tudu sosai. In kun shiga da hantsi, galibi ɗakuna ba a buɗe su sai wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, domin waɗanda suka sauka da safe ake gyara bayansu. Sai ku zauna da akwatuna a wurin cin abinci cikin cunkoso, lif kuma a cike, kowa da jakarsa. Ga kuma bitar ceton rai da ake yi wa kowane fasinja, wadda ba a ɗaga wa kowa: tun bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka cewa a yi ta kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Dole ku nemo wurin taruwarku ku nuna kanku. Duk wannan da goyo a baya, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da akwatuna masu kilo 23 kowanne.

Ba za ki ja su ba, ƙanwata. Ina faɗa miki wannan kai tsaye domin na ga a wasiƙarki kin riga kin fara lissafin yadda za ki yi. Wata tara bayan tiyata, da yaro a baya, hawa tudu da nauyi irin wannan ba abin da za ki yanke wa kanki ba ne don kunya. Ki tambayi likitarki nauyin da ta yarda ki ɗauka, ki riƙe amsarta. In ciwo ya tashi a tsakiyar teku, ke da Inna da yaron duk kun shiga wahala, kuma asibitin jirgi kuɗi ake biya, ba kaɗan ba.

Maganar da ta fi damuna a wasiƙar ita ce ta maigida. "A lallaɓa" magana ce mai daɗin ji, amma in an bi ta zuwa ƙarshe, ma'anarta shi ya tsira daga ɓacin ran mahaifiyarsa, ke kuma ki ɗauki kaya. Ba na zarginsa da mugunta. Maza da yawa nauyin iyayensu mata suke ji har ba sa iya ce musu ko da "Inna, ga wata dabara", kuma wannan nauyi abin yabo ne a wurinsa. Sai dai hidimar uwa a wuyan ɗanta take kafin kowa, abin da kike yi mata kyautatawa ce da neman lada. Kuma wannan zance ba na suruka ba ne. In ke kika je kika ce wa Inna a miƙa akwati, ko da wane irin ladabi kika faɗa, abin da za ta ji shi ne matar ɗanta tana ƙyashin ɗaukar mata kaya. In shi ya faɗa, ɗanta ne ke tsara mata tafiya. Ki same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a gaban kowa ba, ki nuna masa awon akwatunan da abin da takarda ta ce, ki gaya masa abin da likita ta ce. Kada ki shigo da ƙorafi kan Inna ko kaɗan. Ki ce masa, "Ina so Inna ta ji daɗin tafiyar nan, kuma ina tsoron a karɓe mata akwati a gaban mutane. Kai za ta saurara." Sannan ki faɗa masa a fili cewa duk akwatin da aka yanke za a shiga da shi da hannu, shi zai ja.

Shi kuma in zai je wurinta, kada ya je da niyyar kayar da ita a muhawara. Ya fara da ba ta gaskiya, ya ce abin da ya faru a Hajji ba zai bari ya sake faruwa ba, don haka ya sayo mata ƙaramin akwati nata na kanta wanda ba zai bar gefenta ba, ta zaɓi abin da ta fi ji da shi ta sa a ciki. Ki lura, ba a ce mata a'a ba. Akwatinta yana hannunta kamar yadda ta ce, ƙarami ne kawai. Ita za ta zaɓi ƙyallen da za a ɗaura wa manyan, a gabanta za a rubuta sunanta a sa ciki, a gabanta za a miƙa, ta ga kejin da aka sa su. Tsofaffinmu sukan sauko in an bar musu ikon abinsu. Naki aikin a nan shi ne ki zauna ki taya ta shiri, kina ninke mata kaya kuna hira, a nan ne za ki ga kaskon da dutsen guga ki ce, "Inna, an ce waɗannan su ke sa a tsare akwati." Wannan kam za ki iya faɗa, domin kare mata kaya kike yi.

In duk an yi haka ta ce ita dai a'a, to a bi ta, amma da tsari. A sauya manyan akwatunan da matsakaita biyu da za su wuce na'ura, masu taya huɗu. A zaɓi lokacin isowa tasha na bayan azahar, sa'ar da ɗakuna suka buɗe, don ku wuce kai tsaye ku ajiye, tare da kiyaye cewa ana rufe rajista tun kafin lokacin tashi da tazara mai yawa, kuma jirgi ba ya jiran kowa. Naku akwatunan ke da maigida ku miƙa su, hannunsa biyu su zama na kayan Inna, ke da yaro da jakar magani.

Tunda Umara za ku fara yi, ki sa ido kan tsaraba, don ita ce za ta ninka muku kaya. In tsarin tafiyarku ya ba ku kwana a Jidda bayan saukowa daga jirgi, a bar sayayya sai lokacin, kasuwar Balad tana nan. In ba haka ba, a tambayi masauki ko suna ajiye kaya. Zamzam kuma a bari sai ranar komawa gida a karɓi katan mai lita 5 a filin jirgin sama, kada a yi ta yawo da shi a teku.

Daren ƙarshe a jirgin ruwa za a ce ku fito da akwatuna ƙofar ɗaki a kwashe, ku same su a tasha da safe. Ki gaya wa maigida ya sanar da Inna wannan tun daga gida, kada ya zo mata ba zato. Wanda ya fi so ya riƙe nasa ya sauka da shi ana bari, sau da yawa ma su ake fara sallama, sai dai babu mai taya su ɗauka. In kun fitar, ku bar kayan sawa na safe da magani da fasfo a ɗaki. In kun ga akwati ya fashe ko wani abu ya ɓace, a rubuta ƙorafi a wurin kafin ku bar tasha.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma ya fi akwati girma. In jirginku zai tsaya a wata ƙasa, kamar Sharm el-Sheikh a Masar ko Aƙaba a Jodan, kun fita daga Saudiyya ke nan, kuma za ku sake shigowa. Maigida ya koma wurin wanda ya yi muku biza a makon nan, ya tambaya ko bizarku ta yarda da fita da dawowa, da abin da waɗancan ƙasashe ke nema daga mai fasfon Najeriya, a ba shi amsa a rubuce. Ya duba kuma cewa kowane fasfo yana da sauran aƙalla wata shida. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, a gaishe mini da Inna.